Na Tona Asirin Matar Barwa Don a Tafa Mini

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina auren wani ɗan kasuwa a Diffa. Iyayenmu duka 'yan Damagaram ne da suka zo garin da kanti tun ba a haife mu ba. Mijina yana da shagon atamfa a bakin kasuwa, 'ya'yana uku duk sun shiga lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa daga safe har yamma ina gida ba abin da nake yi sai jin kai. Na yi boko har koleji, ina jin Faransanci, kuma a ganina wannan kaɗai ya ɗora ni a kan duk matan unguwarmu. Na rubuto muku ne don in faɗi abin da na aikata da bakina. Ba tausayi nake nema ba, ban cancance shi ba.

A shekarar da aka sake kai wa Bosso hari, garinmu ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Kowane kango da mutane a ciki, kowace inuwa da tabarma. Mata ba sa iya barci, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ka ga babbar mace ta zabura tana salati. Cikin wannan hali wani mutum ya sauka daga Yamai da farar riga irin ta likitoci da jakar takardu, ya kama hayar gida, ya ce shi da hannu yake warkarwa. Ba rubutu, ba sassaƙe, ba allura. Wai a jikin mutum akwai wani ƙarfi da ke gudana kamar yadda ake jan ruwan Komadugu zuwa gonar tattasai, in ya toshe sai ciwo ya taso, shi kuma yana buɗe shi da tafin hannu ko taɓa mutum bai yi ba. Enerji yake kiran abin, yana jan kalmar ta hanci don a san ya ga duniya. Yau in na tuna fuskarsa tsaki nake ja, amma a lokacin har rawar jiki na yi na shiga formasiyon, wato kwas ɗin koyarwa, da ya buɗe. Kwana biyar muka yi muna karkaɗa hannu a iska, ya miƙo mana takarda mai hatimi, muka zama masu warkarwa.

Ranar ƙarshe ya karanto mana ƙa'idojin aikin. Kada a ce wa mara lafiya ya bar maganin likita, kada namiji ya keɓe da mace, kada a yi wa kowa alkawarin warkewa, kuma abin da aka ji a ɗaki ya mutu a ɗaki. Da sauri ya karanta su kamar mai son sallamar baƙo, muka sa hannu. A zaman nan kuma, ko tashi ba mu yi ba, ya kafa mana al'adar da ta rushe ta ƙarshen. Duk Asabar bayan la'asar za a taru a tsakar gidansa, ƙofa a buɗe, kowa ya shigo, ɗalibi ya miƙe ya ba da labarin wanda ya warkar. Wata dattijuwa a cikinmu ta tambaye shi ko wannan ba tonon asiri ba ne. Ya yi dariya ya ce Hajiya, in dai ba a kama suna ba ai ba a karya doka ba. Talla yake nema, mu ne 'yan tallar, kuma duk bokon da nake taƙama da shi bai nuna mini haka ba.

Na share wani ɗaki a gidanmu, na shimfiɗa tabarma, na sa turaren wuta, mata suka fara zuwa. Zan faɗi gaskiya: wasu sukan ji sauƙi. Amma yanzu na san ba daga hannuna ba ne. Macen da ta yi wata da watanni a cikin hayaniya da tsoro, ta samu ɗaki mai sanyi ta kwanta, aka yi shiru ana saurarenta, dole ta ji daɗi. Ni kuwa duk na ɗauka baiwa ce Allah ya keɓe ni da ita.

Cikinsu akwai wata Babarbariya daga Barwa, mai sayar da bandar kifi kaɗan-kaɗan a gefen kasuwa. Kowa ya san ta da hannunta na hagu da ya ƙone, yatsu biyu sun manne. Kowa kuma ya san labarinta: mijinta masunci ne, 'yan bindigar da muke ce wa mutanen daji suka tafi da shi ranar da suka shiga garinsu, daga baya aka ce ya mutu, har ta yi takaba ta fita. Ta zo mini da nauyin ƙirji da rashin barci. Hausarta a karye take, tana ce wa mace ka, amma ba ta taɓa shiga ɗakina ba sai ta durƙusa ta ce Malama sannu da aiki. A zuwanta na huɗu, ina cikin yawo da hannu a saman ƙirjinta, sai ta kama kuka. Da ta lafa ta tambaye ni ko maganar da aka yi a ɗakin nan tana fita. Na rantse mata da Allah ba ta fita. Ta sake tambaya, na sake rantsewa.

Sai ta ce mijinta yana raye. Tilasta masa aka yi yana tuƙa musu kwale-kwale a cikin tafki, har ya samu hanya ya gudu, ya iso Diffa da ciwo a ƙafa. Yana kwance a ɗakin baya na kangon da take zaune, ta toshe ƙofar da buhunan kifi. Ta aika wa bulamansu, wato mai garinsu, da ke zaune a Yebi, ya ce su yi shiru yana nan tafe, shi zai riƙe hannun mutumin ya kai shi gaban hukuma ya yi masa shaida, domin wanda mai garinsu ya kawo ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Sati biyu kawai ake jira. Ta ce in maganar ta riga bulama fita, mijinta ba zai ga wata rana ba. Tana gama faɗa ta yi ajiyar zuciya, barci ya ɗauke ta nan kan tabarmata. Ni kuwa ina zaune ina kallon tafin hannuna ina jin daɗi, wai na zaro ciwo.

Asabar ɗin da ta gabata wata ɗaliba, matar wani ma'aikaci, ta ba da labarin tsohon da ta ɗaga daga ciwon baya, aka yi ta tafa mata, malamin ya kira ta tauraruwar ajinsa. Sati guda abin yana ci na. Saboda haka da Asabar ta zagayo na sha kwalliya, na miƙe a gaban jama'a, na ce ni tawa ta fi ta kowa. Ban kama suna ba, wannan kam na kiyaye. Na ce dai wata mai banda ce daga bakin tafki, mai ƙonannen hannu, wadda ta yi wa miji takaba alhali yana raye, ya dawo daga wajen mutanen daji ta ɓoye shi, asirin ya toshe mata ƙirji, ni kuma na buɗe shi da hannuna har ta yi barci. Wuri ya ɗauki tafi. Malamin ya miƙe yana cewa barabo, barabo. A bakin ƙofa akwai 'yan gudun hijira a tsaye, na ga wasu maza biyu sun kalli juna sun fita, ban kawo komai a raina ba.

Kafin azahar ɗin washegari maganar ta gama kasuwa. Mutanen Barwa da aka yanka wa 'yan'uwa suka fara taruwa, kuma ban ga laifinsu ba, su ba su san tilasta masa aka yi ba, ni da na sani ban faɗi wannan ba don ba ya ƙara wa labarina armashi. Wata maƙwabciya ta ruga ta gaya wa matar. Kafin jama'a su isa kangon, mutumin ya fita ta baya yana jan ƙafa, aka ce an hango shi ya nufi kogi. A wancan ƙetaren ba kowa sai waɗanda ya gudo daga hannunsu. Ita kuma jami'an tsaro suka zo suka tafi da ita, ta yi kwanaki tana amsa tambayoyi kafin a sake ta. Mai kango ya watso mata kayanta waje, kifinta ko kallo ba mai yi. Bulama ya iso kwana huɗu bayan haka, bai tarar da wanda zai riƙe wa hannu ba.

Na je wajen malamin. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na ambaci suna. Na ce a'a. Ya buɗe hannuwa ya ce to ai shi ke nan, ƙa'ida ba ta karye ba, ƙaddara ce, kuma don Allah kada in sa sunansa a cikin maganar. Har ya ƙara da cewa da ma shi tun da ya ji labarin ya san enerjin gidan matar nan ba kyau. Mutumin da ba shi da ko ɗigon kunya ke nan, kuma Asabar ta gaba taronsa ya ci kamar ba abin da ya faru. Mijina da ya ji bai yi faɗa ba. Ya ce shi da bai yi boko ba, ya san wace ce ke sayen atamfa a ɓoye kuma bai taɓa gaya wa ko ni ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta nemanta har na same ta a tasha da ƙullin kayanta, tana jiran motar da za ta bi wajen Yebi. Na durƙusa a gabanta cikin mutane ina kuka ina neman gafara. Ba ta zage ni ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Ta ce Malama tashi, zaninka zai yi datti. Ta ce ita ta san hannuna ba ya komai tun zuwan farko, ta yi ta dawowa ne domin tana neman mutum ɗaya a duk garin da za ta sauke wa maganar, ta ga ni matar babban gida ce, na kuma rantse. Sannan ta dube ni ta tambaya, ba da gatse ba, da gaske take son sani, wai me aka ba ni da na faɗa. Na kasa buɗe baki har motar ta tashi.

Na yaga takardar mai hatimi, na rufe ɗakin. Ga masu irin wannan aiki, ko da hannu kuke yi, ko da tofi, ko da wata na'ura, ku sani wanda ya kwanta a gabanku ba jikinsa kaɗai ya miƙa muku ba. Rufe baki shi ne aikin, sauran duk ado ne. Kada wani mai farar riga ya ruɗe ku da cewa ɓoye suna ya isa. A garin da kowa ya san tabon hannun kowa, ba a buƙatar suna. Ku kuma masu zuwa neman sauƙi, in kun ga mai magani yana yi muku hira da ciwon wani, ku ɗauki takalmanku, gobe da naku zai yi hira. Shekaru sun wuce, duk wanda ya fito daga wajen tafki sai na tambaye shi labarin wani masunci mai jan ƙafa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Amsar da na kasa ba matarsa a tasha ga ta nan, ko Allah zai sa wani ya karanta mata: tafi aka yi mini, bai kai minti ɗaya ba.