Fuskar da Ta Ɓace wa Lemuel Hatch

Orpha Tillotson ta shekara arba'in tana zana fuskokin mutane a garinmu, cikin tsaunukan Vermont. Ɗakin aikinta yana jikin gidanmu, kullum warin fenti da ƙanshin gasasshiyar tuffa. Ta zana alƙali, ta zana mai kai wasiƙa, jarirai kuwa ba adadi. Sharaɗinta biyu: ba ta zana fuskar da ba ta gani da idonta ba, kuma ba ta zana mutum hannunsa a sake. Ko kai wane ne, sai ta ɗora maka kwanon wake a cinya ka yi ta ɓara. Takan ce wanda ba shi da aikin yi, fuskar zuwa coci yake sawa.

Shekarar da Zilpha Hatch ta rasu, mijinta Lemuel, mai kiwon shanun madara, ya zo da hula a hannu. Zilpha ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba.

"Malama Orpha, fuskarta ta fara ɓace mini. Jiya na lalubo, furfurarta kawai na samu."

"Ni ƙeyarta na sani, dattijo. Shekara talatin ina bayanta a coci, kafin a ce amin ta fice."

"To zana ƙeyar."

"Zauna. Ga wake."

Kwana huɗu yana zuwa bayan tatsar safe. Yana ɓara tana tambaya: yaya take kiransa cin abinci, me takan ce in ya shigo da takalmi duk taɓo. Ta taga nakan jiyo dariyarsa.

Rana ta biyar ta juyo masa da zanen. Shi ne a ciki, kai a ɗan karkace, ido na kallon wani a gefe, baki na shirin mayar da magana.

Ya ce, "Wannan ai tsohon mummunan nan ne. Ina matata?"

"Ban san fuskarta ba. Na dai ga wadda kake yi mata."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya naɗe zanen cikin bargon doki ya tafi.

Da lokacin kaka ya zo na leƙa gidansa. Ya rataye zanen a ɗakin girki, ƙasa-ƙasa, yadda idon zanen zai sauka daidai kan kujerar Zilpha. Ya ce in ya bi kallon a hankali, wata rana fuskarta takan dawo masa, har da tabon haɓarta.

Na gaya wa Orpha. Ba ta ɗago daga aikinta ba. Ta ce waken nan dai bai ɓare shi da kyau ba.