Mudi Maƙeri da Dunƙulen Kano

Duk garin Garo babu wanda bai san Mudi Maƙeri ba. Shekara arba'in yana ƙera garma da lauje, ga taurin kai kamar me! In ka kawo masa ƙarfe, ƙwanƙwasawa ɗaya zai yi ya gaya maka na kirki ne ko na banza. Abu ɗaya ne ba ya iya jurewa, ya ga abu a rufe bai san cikinsa ba.

Ana gab da damina Maikuɗi mai tsoffin ƙarafa ya kawo masa wani dunƙule daga Kano. Bai kai tulu ba, amma sai da ƙarti biyu suka sauke shi. Mudi ya ƙwanƙwasa, shiru, babu amo. Abin ya tsaya masa a rai.

Ran Juma'a da hantsi 'yarsa Juwairiyya, mai aiki a ɗakin hoto na wani asibiti, ta zo gida. Ta durƙusa a bakin maƙera, sai idonta ya faɗa kan tambarin haɗari mai kamar fanka, irin na wurin aikinta, a jikin dunƙulen. Gaisuwar ta maƙale.

"Baba, don Allah taso. Yanzu!"

"Ke, lafiyarki kuwa? Ko gaisuwa babu?"

Ta ja hannun rigarsa har gindin darbejiya.

"Nauyin nan dalma ce, kariya ce kawai. A tsakiya akwai ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa. Ba haka aka haƙo shi ba, mutane ne suka sa shi a injin nukiliya har cibiyar ƙwayoyinsa ta kasa zama lafiya. Kullum farfashewa suke, suna fitar da hasken da ido ba ya gani, yana cin tsoka da jini."

"To in jefa shi wuta ya mutu mana."

"Wuta ba ta kashe shi, Baba. Da kansa yake raguwa, sai ya shekara biyar kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. In dai a rufe yake da sauƙi, hukuma za ta zo ta ɗauke." Ta dube shi. "Ba ka dai buɗe ba ko?"

Tsoro ya kama Mudi, irin wanda bai taɓa ji ba. A hankali ya zaro hannun dama daga aljihu. Yatsu uku sun kumbura, sun yi jawur.

"Shekaranjiya na buɗe. Na ɗan jujjuya ƙarfen cikin na mayar. Wallahi ko ɗumi babu."

Juwairiyya ta riƙe wuyan hannun, tana lalubar waya, hawaye na zuba.

"Wa kuma ya taɓa?"

Mudi ya waiwaya ya kalli ƙofar gida.

"Na kai wa innarki ta gani."