Dogon Kabari a Layin Bazara

Taubashiyata ta dawo Arlit hutu da hotunan matattu a cikin jakarta. Ɗiyar kawuna ce, wan Inna, kuma aji ɗaya muka yi tun daga lakwal ta firamare har babbar sakandare, lise, a Agadas. Ni ke yi mata lissafi, ita ma ba ta taɓa musu ba. Shekarar da za mu yi bak, jarrabawar shiga jami'a, Baba ya kwanta da tari, na dawo gida jinya, ya rasu da bazara. Gidan da muke ciki a Akokan na kamfanin ma'adinan da Baba ke wa aiki ne, sai muka tattara muka koma unguwar bukkoki. Ita ta ci bak, ta samu burs, kuɗin karatu na gwamnati, ta tafi jami'a a Yamai. Ni na samu bokitin lamurje da ƙanƙara a bakin tasha.

Da aka ce mini abin da take karantawa dariya na yi. Wai tone-tonen tarihi, kuma a cikinsa ma ɓangaren mutuwa da binnewa. Tulin duwatsun nan da muke gani ta tagar mota a hanyar Anou Araren, waɗanda Abzinawa ke cewa kaburburan mutanen da ne, su ne karatunta. Malamansu sun so a zo a tona wasu a wannan hutun, tawaye ya hana, don ko babbar hanya ba a bi sai motoci a jere da rakiyar soja. Shi ya sa ta zo ita kaɗai, da hotunan wani tono na baya.

Ta baza su a tabarmar Inna. Ga wani an kwantar da shi a naɗe, gwiwa a ƙirji kamar jariri. Ga wata da duwatsun wuya har yanzu a wuyanta, da ƴar tukunya kusa da kai. Taubashiyar tawa tana nunawa da ɗan yatsa: wannan mace ce, an gane daga ƙugu, wannan ya taɓa karyewa a hannu ya warke.

Na ce, "Baiwata, duk karatun duniya ba ki samu ba sai na kuraye?"

Ta ce, "Ke dai kawo lamurje, uwar ɗakina, ki rage ruwan da kike ƙarawa."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar. Ni na yi ta wahala da ita ban samu ko murmushi ba, wannan ta zo da ƙasusuwa ta samu.

Abin da ya fi ci mini rai na gane shi ne ina wanke kofuna. Matar nan ta hoton ta mutu tun kafin a san Musulunci a ƙasar nan, amma an san inda take, an san gefen da ta kwanta, an san abin wuyanta. Baba kuwa bara waccan ya rasu, ni ɗiyarsa ta fari ban san inda yake ba. Mata ba sa bin gawa. Iyakacinmu ƙofar gida, muka ga an ɗauke shi a makara an sha kwana. Mazan da suka kai shi abokan aikinsa ne, an rage ma'aikata, kowa ya koma Tawa ko Maradi ko Katsina. Kawu yana Agadas ranar. Kuma mu ma tafiya za mu yi. Inna ta riga ta sayar da gadon ƙarfe, ta ce da ayarin motoci na gaba za mu koma Damagaram, garin nan ya ƙare.

Da yamma na ji Inna ta kira ta gefe, tana magana ƙasa-ƙasa, kamar bukkar tana da wani gefen da ba a ji. Ta ce, "Ɗiyata, ke da kika saba da matattu, ki leƙa maƙabarta ki duba mini ko za ki gane wurin babanku. Ki yi masa addu'a, ki ce mun tafi."

Na ce, "Ni fa?"

"Ke ki zauna. Mace ba ta shiga maƙabarta."

"Ita namiji ce?"

"Ita karatunta ne."

Da sassafe taubashiyata ta yafa gyale ta fita, na ajiye bokiti na bi ta. Ta waiwayo ta gan ni, ta ce, "Dama na san za ki zo. Yi sauri kafin rana ta hau, idan ta hau ƙasa ba ta nuna komai."

Maƙabartar fili ce ta tsakuwa a bayan gari, ba katanga. Ga tudu nan birjik iya ganin ido. Ba suna ko ɗaya. Wani an kafa masa dutse, wani guntun ƙarfe, wani fasasshen tulu, da yawa iska ta share alamarsu. Na tsaya a baki ina ta salati. Ita kuwa ta yi sallama ta shiga, tana bin tsakanin layi ba ta taka ko ɗaya ba, kamar mai zaga rumfunan kasuwar da ta sani. Ko tafiyar tata haushi ta ba ni.

Ta tsuguna, ta kwantar da kai tana duban ƙasa ta wajen hasken. Ta ce mahaƙa a jere suke haƙa, idan layi ya cika su buɗe wani. Sabon kabari tudunsa a tsaye yake, wanda ya ga damina ya ɗan zauna. Sai ta fara tambayata kamar ɗan sanda. Wa ya rasu kafin Baba a unguwa? Na ce mahaucin nan na Sakkwato, wanda ƴaƴansa suka ce sun kafa masa murfin tanda. Bayan Baba fa? Na ce yaran da ƙyanda ta ɗebe, a cikin zafin wannan bazarar da ya rasu. Ta yi ta zagawa har ta samu murfin, ya yi tsatsa, rabinsa a binne. Can gaba a layin ga ƙananan tudu a jere. Tsakaninsu akwai na manya kaɗan.

Ta ce, "Yana cikin waɗannan."

Na ce, "Wanne?"

"Ban sani ba tukuna."

"To me ake koya muku a Yamai ɗin? Cin shinkafa?"

Ba ta kula ni ba. Ta ce, "Ni tun ina ƙarama rabona da tsayawa kusa da shi. Tsawonsa fa?"

Na ce Baba sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidan Akokan. Na ce ranar rasuwar likkafanin da aka sayo bai kai ba, aka koma kasuwa aka ƙaro, ni na miƙa wa masu ɗinki. Ta bi gefen kowane tudu tana gwadawa da ƙafa, ta dawo ta sake. Ɗaya ya zarce sauran sosai, ko ni da ba karatuna ba na gani. Akwai baƙin dutse ƙarami a wajen kai.

Ta ce, "Wannan ne, mai yiwuwa."

"Mai yiwuwa?"

"In ba tonawa aka yi ba, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Kuma ba mai tonawa."

Na so in mare ta. Na durƙusa wajen dutsen na karanta abin da na iya, na gaya wa Baba za mu Damagaram, na gaya masa ban yi bak ba. Ita ta ja baya ta juya mini baya har na gama.

A gida Inna ba ta tambaye ni inda na je ba, ko da yake ta ga ƙurar gwiwata. Sai ta juya ta tambayi ɗiyar wanta. Taubashiyata ta ce an samu, dogo ne, da baƙin dutse, ba ta ce mai yiwuwa ba. Inna ta yi kuka, ta dafa kanta tana sa wa karatunta albarka, ta ciro zanen da take ɓoyewa a ƙasan akwati ta ba ta. Zanen da na daɗe ina zaton ni za ta ba.

Muka bar Arlit a bayan kamyo, babbar motar kaya, soja gaba soja baya, ban sake komawa ba. Na ga kabarin Baba, wannan na samu. Sai dai duk lokacin da na rufe ido in tuna shi, ita nake fara gani a tsugune da kai a karkace tana duban ƙasa, sannan tudun.