Daga Dama Na Fara

Shekara goma sha huɗu na yi ina gugar ƙarfe a wani gareji a Manawashi, muna ƙera kayan gyaran injinan gurzar auduga. Idona ya ishe ni awo, ban taɓa neman alfarmar kowa ba. Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, sai maigida ya yo odar wani inji da ba a juya shi da hannu. Wai doguwar takarda siririya za ka huhhuda ka zura masa, ya karanta hujin, ya huda ƙarfe da kansa. Ikon Allah!

Aka ɗauko injiniya ya koya mana, ɗan Kagarawal, sa'an ƙanina. Bappa yake ce mini. Ranar farko ya faɗa ba kwana-kwana: mutum ɗaya za a bari a kan injin, wanda ya iya karanta takardar awo, saura kuwa a sallame su. Ni allo na yi, da ajami nake rubutu, a boko lambobin jikin tef ɗin awo kaɗai na sani. Da ya tambaye ni ko na yi makaranta, na ce, "Sosai ma." Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Sati uku ina satar kallon yatsunsa har na haddace madannan na'urar huda takardar. Tuwo ya daina wuce mini. Matata ta tambaya ko shawara ce ta kama ni, na daka mata tsawa, alhali ba ta yi komai ba.

Ranar gwaji ya ba ni farantin ƙarfe dogo siriri, da takarda mai lambobi bibbiyu a kowane layi, ta tsawo da ta faɗi. Ya ce a buga ta farko, sannan ta biyu. To ni ina farkon layi yake in ba dama ba? Na buga tsaf, na maimaita dubawa sau uku.

Aka zura wa injin takardar da na huda. Maimakon bakin injin ya bi tsawon farantin, sai ya yi gefe, ya wuce ƙarfen gaba ɗaya, ya sauka a kan maƙallin da ya riƙe shi. Ƙas! Bakin ya karye. Injiniya ya danna jan madanni, injin ya tsaya. Na ce a raina shi ke nan, yau na koma gida da kunya da ƙarya a kaina.

Injiniya ya daɗe yana duba takardar lambobin, sannan ya ja ni bayan injin inda ba mai jin mu.

"Bappa, nuna mini inda ka fara."

Na ɗora yatsa a dama. Ya dube ni, na kasa ɗaga kai.

"Ba lambar da ka kuskure ko ɗaya," in ji shi. "Juya su kawai ka yi."

Ya zaro biro ya yi rubutu a kusurwar hagu, ya miƙo mini, ya ce in sake bayan azahar. Na duba. Da ajami ya rubuta, hannunsa duk a karkace kamar na wanda ya daɗe da barin allo: Bappa, fara daga nan.