Waƙar Sarauniya a Gidan Makoki

"Waƙa a gidan mutuwa? Wallahi aibu ne!" in ji Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyarmu, ta dire butar gahawa.

Makokin ɗan ƙanwata muke a unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki. Tun da aka kai shi ƙanwar tawa ta kasa kuka. Sai na rera mata baitocin da na tsara a labarin da nake rubutawa, na wata sarauniyar zamanin da, wadda ɗanta ya rasu a hanyar Hajji.

Ƙanwata ta ɗago, fuska sharkaf da hawaye. "Inna, kun cika min kunne da 'yi haƙuri'. Sarauniya ma ta koka, balle ni. Yaya, ci gaba."

Na ci gaba, har da ƙara murya.

Jama'a, yaushe kukan uwa ya zama rashin tawakkali?