Gefe Ɗaya na Madaci

Sana'ata sassaƙe da saiwoyi. Ina tarawa a ƙauyukan Rabah da Goronyo, in kai wa masu magani a Sakkwato. Wanda ya koya mini riƙon gizago wani tsohon Bafillace ne da ke zaune a ruga bayan Tursa. Baffa nake ce masa, shi ko Kaɗo, wato Bahaushe, yake kirana.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. In za ka ɗebi ɓawon itace, ka sara gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, ka kwaɓa laka da kashin shanu ka shafe wurin. Ba ka komawa sai damina biyu ta wuce.

Yana da wata saiwa ta shawara wadda har yau ban ga irinta ba. A dake yake kawo mini ita, kuma shi kaɗai ya san inda take fitowa.

"Baffa, yaushe za ka gwada min wurin?"

"In hannunka ya yi sanyi, Kaɗo. Yanzu awa akuya kake, abin da ka gani duk sai ka tatike."

Wata shekara ya ce in an gama girbin gero za mu tafi. Kafin nan sai masu magani suka buƙaci ɓawon madaci buhu-buhu. Akwai wani babban madaci a bakin fadama, nan shanunsa ke shan inuwa. Na ce a raina itace mai wannan girma ba zai ji komai ba. Na kewaye shi da gizago, na fere shi tas har inda hannuna ya kai. Ko laka ban tsaya kwaɓawa ba.

Da Baffa ya gani, ya daɗe da tafinsa a jikin itacen.

"Mi yai maka?"



Bai daina gaisawa da ni ba, in na je ruga har nono ake dama mini. Amma an yi girbi bai ce mu tafi ba, ni kuma kunya ta hana ni tuna masa. Madacin ya bushe a tsaye. Damina uku bayan haka Baffa ya rasu.

Har yanzu mata kan zo rumfata ta kasuwa da yara masu ɗorawar ido suna tambayar garin saiwar shawarar nan. Nakan ba su abin da nake da shi, in ce su wuce asibiti. In na shiga dajin Tursa kuwa, da ƙwaryar laka nake tafiya. Duk ƙaramin tsiron da ban sani ba sai na durƙusa na tona gefensa na sunsuna, sannan in mayar da ƙasa. Ƙamshin saiwar Baffa na nan a hancina, ban dai dace da shi ba tukuna.