Malam Hudu Baduku da Zugazugin Bajamushe

Da an sallame sallar asuba, Malam Hudu Baduku zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Rawayau, ya jawo fatun awaki da basilla. Tun yana saurayi yake ɗinka wa maƙeran Kurfi zugazugi, kuma a da shi ne ladanin masallacin unguwarsu, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Bana ido ya gaza, ya ajiye basilla. Na ce bari in jinjina masa tun yana ji da kunnensa, ko da masu ƙus-ƙus za su ce ni ma an saye ni.

Abin da ya jawo masa baki wani tsohon akwatin kiɗa ne na wani ƙaramin cocin Katolika a Dutsin-Ma. Ogan suke ce masa. Da ƙafa ake taka shi, zugazugin da ke ciki ya hura iska. Da fatar ta tsage aka rasa mai gyara, sai wani maƙeri ya kwatanta wa malamin cocin, Katikis Luka, gidan Malam Hudu.

Su ma can ba su saki jiki da shi ba. Ga gemu ga carbi, a zamanin da kowane baƙo ɗan leƙen asiri ne. Shi kuwa ya ce ba zai shiga ciki ba, a fito masa da kayan gindin bishiyar bedi.

Katikis Luka ya ba ni labari cewa waƙoƙin da suke rerawa na wani Bajamushe ne da ya daɗe da mutuwa, ɗan manomi, malamin makarantar ƙauye. Ya ƙare rayuwarsa yana tsara waƙa don cocin talakawa da ba su da gwanayen mawaƙa, shi ya sa yakan riƙe sauti ɗaya ya ja shi, har mai nauyin murya ya cim masa. Idan akwai huda ko ta allura a fatar zugazugin, sautin zai mutu a tsakiya. Don haka Malam Hudu yakan sa Luka ya danne dogon sautin, shi kuma ya jiƙa bayan hannunsa yana bin ɗinkin, yana laluben inda iska ke sulalewa. Duk bazara in fata ta bushe zai koma ya shafe ta da man shanu.

Wata rana aka ji shi yana gunjin wannan sauti a kan tabarmarsa. Alhaji Munzali mai hatsi ya kai maganar majalisa: "Ku dai ku kasa kunne. Kiran sallarshi ya ƙara tsawo tun da ya fara zuwa wurin mutanen nan. Waƙar Bajamushe shika ja muna!"

Sai ga waɗanda rana ke tadawa sun fara tashi da asuba, don su auna numfashin ladan. Tsohuwa Nana Hadiza ta ce, "Haka ubanshi ke ja, tun ba a haifi Munzali ba." Ba wanda ya kula ta.

Liman ya kira shi. "Hudu, mi kake yi can?"

"Fata nika ɗinki, Allah gafarta Malam. Abin da suka rera nasu ne."

"To ka bari, a bar maka lasifikar masallaci."

"Na yi masu alkawari. In na saɓa don tsoron baki, da wane bakin zan kira mutane salla?"

Aka karɓe lasifikar. Abin ya ci shi, na ga hawayensa da idona.

Kai ne, Malam Hudu, ba ka fasa share masallacin ba, ba ka kuma fasa zuwa gindin bedi ba. Baduku ɗan baduku, mai ɗinkin da iska ba ta ratsawa! Wancan Bajamushen bai san akwai Rawayau ba, kai ma ba ka iya faɗin sunansa, amma hannunka ne ya hana aikinsa mutuwa a ƙasar nan. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu sana'a, ku riƙe alkawari kamar yadda ya riƙe. Mu kuma masu kasa kunne, mu ji tsoron Allah.

Har yau ba a mayar masa da lasifikar ba. Sai dai sabon ladanin yakan makara, kuma duk ranar da ya makara, muryar tsohon ce ke tashi daga bakin ƙofa, ba na'ura, yana ja kamar ubansa. Cikin waɗanda take tadawa har da Alhaji Munzali.